BABI NA UKU: MA'ANAR KALMAR "MAƘERIN FARFARU" DA YADDA AKE AMFANI DA ITA A BIRNIN KABI DA ARGUNGU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin waɗannan garuruwa biyu na bakin Gulbin Rima, da kuma sana'o'in da aka san mutanensu da su. A wannan babi kuwa za a tsaya ne a kan kalma ɗaya tak, wato sunan da Bahaushe yake kiran mutumin da ke yin zobe da awarwaro da munduwa da 'yan kunne da sarƙa. Amsar da ake koyarwa a makaranta gajeruwa ce. Akan ce ƙira iri biyu ce, akwai ta baƙi akwai ta fari, kuma mai yin kayan ado shi ne maƙerin fari ko maƙerin farfaru. Ɗalibi yakan haddace wannan bayani ya ci jarrabawa da shi. To amma ranar da aka aike shi kasuwa da abin wuyan uwarsa da ya tsinke, a nan ne zai gane cewa bayanin bai kai shi ƙofar wanda yake nema ba.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Bahaushe ya gina wannan suna ne a kan irin ƙarfen da mutum yake aiki da shi. Bai duba abin da mutumin yake fitarwa ba. Saboda haka sunan ya ɗauki wasu da ba su yin kayan ado, ya kuma bar wasu da suke yi. Bayan wannan, akwai wata kalma ta 'yan kasuwa da take neman ture shi daga bakin jama'a, kuma idan ta yi nasara ba sunan kaɗai za a rasa ba.

3.1 Ginin Kalmar "Maƙeri"

Kalmar maƙeri ta samo asali ne daga aikatau "ƙera", wanda sunan aikinsa shi ne "ƙira". An ƙara masa ɗafa-goshi "ma-" da ɗafa-ƙeya "-i", kamar yadda ake yi a maɗinki da masaƙi da marini. Tamata ita ce maƙeriya, ko da yake ba kasafai ake jin ta ba domin ƙira sana'ar maza ce. Jam'i kuwa maƙera.

A nan akwai wata matsala da rubutun yau da kullum ya haifar. Kalmar da muke rubutawa "maƙera" kalmomi biyu ne. Idan aka furta ta da karin sauti sama-ƙasa-sama ana nufin mutane, wato jam'in maƙeri. Idan kuwa aka furta gaɓoɓin duka a sama ana nufin wurin da ake ƙira. Ƙamusoshi irin na Bargery (1934) da na Abraham (1949) suna sa alamar karin sauti, amma rubutun jarida da na allon kan hanya ba ya sa wa. Mai karatu sai dai ya dogara da nahawu:

(1) Maƙera sun tashi. (mutane)
(2) Maƙera ta tashi. (wuri)

Wannan bambanci yana da amfani ga sunayen unguwanni. A Birnin Kabi akwai unguwar da ake kira Maƙerar Gandu, kamar yadda ake da Maƙerar Assada a Sakkwato. Mahaɗin "-r" da ke ƙarshen kalmar ya nuna cewa tilo ce kuma tamata, ke nan wurin ƙira ake nufi. Da mutane ake nufi da sai a ce Maƙeran Gandu. A bakin Bakabe mahaɗin yakan naso cikin baƙin da ke biye da shi, sai a ji ya ce "Maƙerag Gandu". Masu rubutun boko da ke yar da mahaɗin gaba ɗaya, su kuma yar da lanƙwasar "ƙ", sun share wannan bayani ba tare da sun sani ba.

Wani abin lura shi ne, aikatau "ƙera" ya faɗaɗa ƙwarai amma "maƙeri" bai bi shi ba. Muna cewa an ƙera mota, an ƙera jirgi, agogo ƙirar Japan, har ma mukan yaba ƙirar jikin mutum. Duk da haka ba wanda yake kiran ma'aikacin kamfanin motoci maƙeri, kuma mai walda da yake wuni yana haɗa ƙofofin ƙarfe bai sami sunan ba. Wannan ya nuna cewa a wurin Bahaushe maƙeri ba duk mai taɓa ƙarfe ba ne. Sunan yana tafiya ne da zugazugi da gawayi da uwar maƙera, da kuma gidan da aka gaji sana'ar.

3.2 Fari da Baƙi

"Maƙerin fari" guntun zance ne. Cikakkensa shi ne maƙerin farin ƙarfe, sai aka shafe "ƙarfe" domin kowa ya san abin da ake nufi. Dole a bambanta shi da "farin maƙeri", wanda yake magana a kan launin fatar mutum. Haka nan "farfaru" ɗaya ne daga cikin jam'in "fari", ɗayan kuwa farare, kamar yadda "baƙi" yake da baƙaƙe da babbaƙu. Shi ya sa ake jin maƙerin farfaru yana tafiya da maƙerin babbaƙu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san waɗannan tagwayen kalmomi ta wata fuska, domin yaro yakan fara da babbaƙu kafin ya shiga farfaru. A Kabanci, inda "f" ta Daidaitacciyar Hausa take zama "hw" ko "h", abin da kunne yake ji shi ne maƙerin hwari da maƙerin hwarhwaru, da ƙarhe da azurhwa:

(3) Maƙerin hwari na yaƙ ƙera mata shi.
(4) Mundayen da anka kawo na azurhwa na.

A ra'ayin mai wannan bincike, sigar jam'i, wato farfaru, ta fi dacewa da gaskiyar sana'ar. Dalili kuwa shi ne baƙin ƙarfe guda ne, asalinsa tama, amma abin da ɗaya maƙerin yake aiki da shi yana da yawa: azurfa da zinariya da tagulla da jan ƙarfe da dalma, daga baya kuma sanholo ya shigo.

A nan ne tambaya ta farko take tasowa. Zinariya dai ba fara ba ce, jan ƙarfe kuwa sunansa ma ya faɗi launinsa. To me ya sa mai aikinsu ya zama maƙerin fari? Me ya sa ba a sami "maƙerin ja" ba, alhali kuwa ja yana cikin launuka uku na asali a Hausa tare da fari da baƙi? Amsar da ta fi kusa ita ce "fari" a wannan muhalli ba launi yake nufi ba kai tsaye. Kishiyar baƙi ce kawai, ma'ana duk ƙarfen da ba baƙi ba. Bahaushe ya fara sanin maƙerin da ke yi masa fartanya, ya ajiye shi a tsakiya, sannan ya tara sauran duka a kwando ɗaya ya ba su sunan da ya bambanta su da shi. Littattafan makaranta da ke jera ire-iren ƙira biyu kafaɗa da kafaɗa, tamkar an raba gado tsakanin tagwaye, sun ɓoye wannan. Ɗaya yana da suna na kansa, ɗayan kuwa da sunan ɗan'uwansa ake gane shi.

Idan aka bar launi aka dubi aiki, za a ga bambancin da ya fi wannan ƙarfi. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas, abin da wutar gawayi da zugazugi ba ta kaiwa. Don haka maƙerin baƙi gasa ƙarfe yake yi ya yi ja, ya riƙe da awartaki, ya daka da masaɓa har ya ba shi siffa. Azurfa kuwa tana narkewa a digiri 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085, sanholo kuma a 660 kacal. Wannan ne ya ba maƙerin farfaru damar narkarwa da zubi. Yakan iya siffanta abu da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Yakan ja ƙarfe ya zama siririyar waya, ya murɗa, ya liƙa, ya goge da magagari. Kuma yana da wani kayan aiki da ɗan'uwansa bai damu da shi ba, wato ma'auni, domin abin da aka ba shi da awo aka ba shi kuma da awo zai mayar. Ba a auna fartanya kafin a kai ta gyara.

Akwai wata kalma da wannan sana'a ta ba harshen Hausa wadda mutane da yawa ba su san daga nan ta fito ba. "Sinadari" a da abin liƙin ƙarfe ne da maƙeri yake amfani da shi wajen haɗa bakin zobe. A yau kalmar ta shiga ɗakin girki da ɗakin gwaje-gwaje da labarun rediyo, kowa yana cewa sinadarin kaza da sinadarin kaza, amma an manta da maƙerar da ta haife ta.

3.3 Wanda Sunan ya Ɗauka da Wanda ya Bari

Tun da an gina sunan a kan ƙarfe, duk wanda yake narkar da ƙarfen da ba baƙi ba yana da haƙƙi a cikinsa. Mai yin likkafar tagulla da sauran adon doki na hawan salla maƙerin farfaru ne, ko da kuwa bai taɓa yin ɗan kunne ba. Mai zubin tukwane da ludaye na sanholo ma a wannan ɓangare ake lissafa shi idan aka matsa a raba ƙira biyu. Ke nan idan aka ce ma'anar maƙerin farfaru ita ce mai yin kayan ado, an yi wa waɗannan ƙwace.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kayan adon matan Hausawa ba duka ne na ƙarfe ba. Murjani da tsakiya da sauran duwatsun wuya da jigida ba su bi ta wuta a hannun maƙeri ba. Mata ne suke shirya su a zare a cikin gida, 'yan koli kuma su kasa su a kasuwa. Ƙarau na gilashi ne, kuma an san Masaga na Bida da yin sa tun da daɗewa. Layar da aka ɗinke da jar fata ake ratayawa a wuya aikin baduku ce. Duk waɗannan suna yin abin da mace take ado da shi, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ya amsa sunan maƙeri.

Wannan ba aibi ba ne ga Hausa. Kowane harshe yana da inda yake aza wuƙarsa. Bahaushe ya raba sana'o'insa ne bisa abin da hannu yake taɓawa: mai ƙarfe maƙeri, mai fata baduku, mai itace masassaƙi, mai zare masaƙi. Turanci kuwa yana da kalma guda da ta tsaya a kan abin da aka fitar, wato kayan ado, kuma kalmar ba ta ma damu da bambanta mai yi da mai sayarwa ba. Aibin yana zuwa ne a lokacin da mai fassara ya ɗauki kalmar can ya ɗora a kan ta nan ya ce sun yi daidai. Ƙamus mai harshe biyu dole ya ba da kalma a madadin kalma, wannan shi ne aikinsa, amma ɗalibin da ya tsaya a nan bai kai ga ma'ana ba.

3.4 Idan Aka ce "Maƙeri" Kawai

Idan aka ambaci maƙeri ba tare da an ƙara komai ba, a Argungu ko a Birnin Kabi, hankalin mai sauraro wurin maƙerin baƙi yake tafiya. Dalilin haka a bayyane yake ga wanda ya san ƙasar. Manomin shinkafa a fadamar Rima yana bukatar fartanya da lauje, masunci yana bukatar ƙugiya da zago. Ga kuma yaƙi. Tun daga shekarar 1805 da Birnin Kabi ya faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo, har zuwa shigowar Turawa a farkon ƙarni na 20, Kabawa sun shafe mafi yawan wannan zamani suna fafatawa da Gwandu da Sakkwato, inda Argungu ta zama cibiyarsu. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu zai ga takubba da masu da kibau, zai kuma fahimci matsayin mutumin da ke ƙera su a irin wannan gari.

Karin magana ma ta goyi bayan haka. Da Bahaushe ya ce ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, ba 'yar wutar narkar da azurfa yake tunani ba. Haka nan kiɗan dundufa da wasan wuta da kirarin maƙera da wasan barkwancin da ke tsakaninsu da Buzaye, duk sun fi rataya a wuyan maƙeran baƙi. Sarautar Sarkin Maƙera, ko Sarkin Ƙira kamar yadda ake cewa a wasu wurare, ita ma da aka ambace ta su ne ake fara tunawa. Ko a fagen nazari haka abin yake. Littafin Jaggar (1994), wanda yake cikin fitattun ayyukan da aka yi a kan ƙira a ƙasar Hausa, a kan maƙeran baƙi na birnin Kano ya tsaya. Maƙerin farfaru dai kullum sai an yi masa ƙarin bayani kafin a gan shi.

3.5 Abin da Maƙwabta Suke Cewa

Ƙasar Kabi mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Buzaye, don haka yana da kyau a leƙa bakin maƙwabta. Buzaye suna kiran masu wannan aiki "inadan". Sai dai a wurinsu kalmar ta wuce sana'a, sunan wani rukuni ne na al'umma da ake haifar mutum a cikinsa, inda maza suke aikin ƙarfe da itace, mata kuma suke aikin fata. Bahaushe yana gadon ƙira, amma bai mayar da ita katangar da ba a tsallakewa ba. Larabci kuwa ya ware kalmomi biyu daban, "haddad" ga mai baƙin ƙarfe da "sa'ig" ga mai zinariya da azurfa, abin da Hausa ba ta yi ba. Nadel (1942) ya nuna cewa a Bida maƙeran baƙi da masu tagulla da azurfa da masu gilashi da masu duwatsun ado kowanne yana da ƙungiyarsa da shugabansa.

Sunayen ƙarafan su kansu baƙi ne a Hausa. "Zinariya" tana komawa ga dinari na Larabawa, "azurfa" kuma daga harshen Buzaye da danginsu na hamada ta shigo. Wannan ya yi daidai da yadda ƙarafan suka riƙa zuwa. Azurfar da maƙeran da suka yi aiki da ita mafi yawa kuɗi ce aka narkar. Akwai liyari mai hoton sarauniyar Ostiriya, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, ya kuma yawata ƙasashen Sudan da hamada. Akwai kuma sulallan azurfa da Turawan Ingila suka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913, kafin a sauya su da na gauraye a 1920. Mutumin da kayan aikinsa kuɗi ne tun asali, ba abin mamaki ba ne idan amana ta zama rabin sana'arsa.

3.6 Shigowar "Mai Gwal"

Kalmar "gwal" aro ce daga Turanci, kuma ta zauna daram a bakin mata har ta fi "zinariya" yawan fita a zancen yau da kullum. Daga gare ta aka sami "mai gwal" da "masu gwal" da "'yan gwal". Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kabi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kabi ya zama babban birnin jiha, ma'aikata da 'yan kwangila suka ƙaru, kayan lefe kuma suka sauya. Amarya ta fi son sarƙa da 'yan kunne ƙirar Dubai ko Saudiyya a kan munduwar azurfa irin ta kakarta, wadda ba ta da hali kuma ta sayi na fashin. Da kayan suka sauya sai kalmomin ciniki suka sauya tare da su. A da miskali ake ji, yanzu giram ne da karat: 24 shi ne tsantsa, 21 yana ɗauke da zinariya kashi 87.5 cikin 100, 18 kuma kashi 75.

Ta fuskar nahawu, "mai" ba ta bambanta mai yi da mai mallaka da mai sayarwa. Mai gwal yana iya zama wanda ya ƙera, ko wanda ya saro daga waje ya jera a gilashi, ko ma wanda yake sayen ɗanyen zinari daga masu haƙa a yankin Yawuri. Ɗafa-goshin "ma-" na maƙeri kuwa ba ya barin wannan shakka, domin yana nuna wanda ya aikata aikin da hannunsa. Ke nan idan "mai gwal" ta maye gurbin "maƙerin farfaru", harshen ya rasa hanyar da zai nuna mai ƙira daban da ɗan kasuwa. Bugu da ƙari, sabuwar kalmar ta fitar da azurfa daga lissafi, alhali kuwa ita ce ƙarfen da Musulunci ya halatta wa namiji ya sa zobensa, ya kuma hana shi zinariya. Rabin masu hulɗa da maƙerin farfaru, wato maza, ba su da abin yi a wurin mai gwal sai dai idan sayayyar aure ta kai su.

Mai wannan bincike ya ga illar haka a gidansu. Wata gwaggonsa tana da mundaye biyu na azurfa da ta gada daga mahaifiyarta, sai ɗaya ta tsage. Ta ba wani yaro ta ce ya kai wa maƙeri. Yaron ya nufi inda ake yin fartanya, aka yi masa dariya aka ce ba a nan ake wannan ba, ya je wurin masu gwal. Da ya je wani shago, mai shagon ya ɗora munduwar a kan ma'auni ya faɗi kuɗinta, domin shi saye da sayarwa ya sani, bai taɓa riƙe awartaki ba. Yaron ya dawo gida da farashi a maimakon gyara. Da aka gaya wa tsohuwar, abin da ta ce shi ne, "Ni maƙerin hwari nic ce, ɗan nan, ba ni ce a saisuwa ba." Ba ta dai ce "hwari" da farko ba, domin a zamaninta wanda aka ba munduwa ya san maƙerin da ake nufi. Shi kuwa yaron, ɗan aji biyu na sakandare, ya ce a littafi kawai ya taɓa ganin kalmar. Ba wanda ya cuci wani a wannan labari. Amma da yaron mai gaggawa ne, da kayan gado sun tafi a matsayin ƙarfen awo, kuma ƙarshen irin wannan ƙarfe narkarwa ne.

Ba a nan kaɗai kalmar take da nauyi ba. Malaman Malikiyya sun ƙayyade mafi ƙarancin sadaki da rubu'in dinari, nisabin zakka kuma dinari 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, wato kimanin giram 85 da giram 595. Idan za a raba gado, ko za a fitar da zakka daga abin da aka ajiye, ana bukatar wanda zai duba ya ce wannan tsantsa ne, wannan gauraye ne, wannan kuma ruwa kawai aka sha masa. Mai sayarwa yana iya sani, amma yana da ra'ayi a cikin amsar tun da shi ne zai saya. Wanda ya saba narkarwa da liƙi ya san cikin ƙarfe ta hanyar da mai kallonsa ta gilashi bai sani ba. Iyalin da ba su da sunan da za su nemi wannan mutum da shi, dole su ƙare a wurin wancan.

Ya kamata a yi wa sabuwar kalmar adalci. Gajeruwa ce, tana da sauƙin faɗa, kuma ta dace da shagon da ba a hura wuta a cikinsa. Haka nan wasu masu ƙirar da kansu sun fi son a kira su da ita, domin a kunnen matasa "maƙeri" yana tafe da hayaƙi da toka, "gwal" kuwa yana tafe da kuɗi. Ba a hana harshe aro, kuma Hausa ta ari zinariya da azurfa tun kafin ta ari gwal. Abin da ake suka shi ne a bar kalmar ciniki ta haɗiye kalmar sana'a.

3.7 Matsalar Fassara da Koyarwa

Bisa abin da ya gabata, mai wannan bincike yana ganin bai kamata a nemi kalma ɗaya da za ta ɗauki komai ba. Inda ake maganar sana'ar gargajiya da tsarinta, "maƙerin farfaru" ita ce kalmar, kuma ya dace a bayyana wa ɗalibai cewa ta haɗa da mai likkafa da mai zubi. Inda mai fassara yake son nuna abin da ake fitarwa, kamar a takardar rajistar sana'a ko a labarun rediyo, "maƙerin kayan ado" ta fi fito da manufa, idan kuma ƙarfen sananne ne sai a ce maƙerin zinariya ko maƙerin azurfa. "Mai gwal" kuwa a bar wa mai shago abinsa.

Akwai kuma batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa, wadda Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) da littattafan makaranta suke bi, ta fi karkata ga Kananci. Yaron Argungu da ya karanta "farfaru" a aji, ya koma gida ya ji kakarsa tana cewa "hwarhwaru", ba lalle ne ya gane kalma ɗaya ce ba sai malami ya haɗa masa su. Bargery ya riga ya nuna hanya tun 1934, domin yakan sa alama a kan kalmomin Sakkwato da Katsina da sauran wurare. Malamin Hausa a Jihar Kabi yana iya yin fiye da haka ba tare da ya jira sabon ƙamus ba. Zai iya rubuta sigogin biyu a allo, ya sa kowane ɗalibi ya tambayo a gida wane ne ya ƙera tsohon zobe ko munduwar da ke cikin adakar gidansu, da sunan da ake kiran mai wannan aiki, sannan a kwatanta amsoshin kakanni da na iyaye a darasi na gaba.